Gaskiyar da Uwaisu Ya Faɗa a Zaure

Furera tana tankaɗen garin dawa a tsakar gida sai ga mahaifinta, Malam Nababa, ya shigo daga zaure fuska a murtuke.

"Maganar aurenki da Uwaisu ta mutu!"

Rariyar ta suɓuce mata. "Baba, me ya yi?"

"Da bakinsa ya gaya min yanzu. Wai ciwon dajin hanjin da ya kashe ubansa gado ne, wata ƙwayar halitta ce ta gurɓace a zuriyarsu. Likitoci a Kano sun zura masa na'ura, sun tarar da 'yan tsiro a hanjinsa. Ni in ba mai ciwo 'yata?"

"Ai sun cire su, Baba! Sun ce sai an bar tsiron yake rikiɗa ya zama kansa. Duk shekara zai riƙa zuwa asibiti cekin—"

"Rufe min baki!"

Malam Nababa ba mugu ba ne, sai dai in ya ce a'a, ko limamin Juma'a ka ɗauko masa, haka za ka mayar da shi. Furera ta shige ɗaki ta sha kukanta. Kafin la'asar zancen ya zaga ƙauyen.

A shekarar nan da taki ya gagari manoma, Khalilu, ƙanin Uwaisu, har ya sayar da akuyarsa don ya je nasa gwajin. Da ya ji labari sai ya fasa.

"Yaya, ka faɗi gaskiya an hana ka mata. Ni wallahi ba tes ɗin da zan yi!"

Uwaisu ya roƙe shi har da hawaye, ya ƙi. Khalilu ya yi aurensa lafiya lau, ba wanda ya tambaye shi komai. Da ya fara ganin jini a bayan gida ya ce basir ne, ya dinga ɗirkar jiƙon kasuwa. Furera kuwa ba ta saɓa wa mahaifinta ba, amma duk wanda ya yi sallama da ita haƙuri take ba shi. Shekara huɗu ana haka, sannan aka kai Khalilu asibiti ranga-ranga. Likita ya ce an makara.

Da Khalilu ya rasu, Malam Nababa ya je gaisuwa, ya durƙusa a bakin ƙofar Inna Hure, mahaifiyar mamacin.

"Allah ya jiƙansa, Inna."

"Amin, Malam. Kwana ne ya ƙare, na sani. Amma tsoron abin da ka yi wa yayansa ne ya hana ɗana zuwa asibiti."

Tsohon ya rufe fuska da hannun riga. "Na cuci yaron nan! Ku yafe min!"

Bayan arba'in ya aika aka kira Uwaisu, ya ba shi Furera. Haƙurinsu ya yi rana, sai dai darasin ya zo da ɗaci: duk gidan da ya hukunta mai faɗin gaskiyar ciwonsa, ya koya wa na baya ɓoyewa.

Ranar ɗaurin aure, da aka shafa fatiha, Uwaisu ya waiga dama da murmushi zai miƙa wa ƙaninsa hannu. Sai ya tuna.