Duwatsu Bakwai na Ƙofar Teku

Ana shirin kiran magariba dutse na farko ya faɗo kan rufin gidan La Hamidi. Matarsa Wa Sahia tana gasa kifi, ta ɗaga kai, ta mayar. Na biyu ya faɗa cikin tukunyar rogo. Fari ne mai ƙananan ramuka, irin wanda kakanni suka haƙo daga teku suka gina ganuwar birnin Wolio da shi saboda jiragen ruwan mahara.

La Hamidi ya gane shi.

Wata uku ke nan da ya zare guda bakwai daga ƙofar ganuwa mai kallon teku, ya ɗora ginshiƙan ɗakin 'yarsa Wa Ati a kansu. Da dattawan gari suka ga giɓin, sai suka kori tsoho La Bani mai gadin ƙofar. La Hamidi yana tsaye a wurin, bai fito ya ce shi ne ba.

Kwana shida ana jifa duk faɗuwar rana. A na bakwai Wa Ati ta sauke tulu, ta sandare tana kallon teku, ta fara magana da muryar da ba tata ba. Aka kira Lebe Saidi, malamin unguwa. Ya zauna gabanta, ya daɗe yana karatu kafin ya tambaya.

"Wane ne kai?"

"Mazaunin ƙofa. Ina nan tun ana jera ta."

"Za a mayar maka da duwatsunka. Saki yarinya."

"Duwatsu? Igwa ta ci fiye da haka ban motsa ba. Tsohon nan nake nema. Shekara talatin yana yi mini sallama duk yamma. Yanzu babu kowa." Idanun yarinyar suka juyo kan ubanta. "Wannan ya san dalili."

Wa Sahia ta dubi mijinta. Shi kuwa ƙasa yake kallo.

"Ni ne," ya ce.

"Ba ni za ka gaya wa ba," in ji muryar. "Ka san wanda za ka gaya wa. Na tafi. In gobe ban ji sallamarsa ba, ina nan dawowa."

Wa Ati ta sulale a jikin uwarta.

Da hantsi La Hamidi ya tokare ɗakin da itace, ya yi ta jidar duwatsun a ka, ɗaya bayan ɗaya, ta tsakiyar kasuwa, har ya mayar da su ƙofar ganuwa. Sannan ya nufi gidan La Bani, ya tarar da shi yana ɗinkin komar kamun kifi. Ya durƙusa.

"Baba, ni ne na…"

"Na gan ka ranar," tsohon ya ce, bai ko ɗago ba. "Na ce ɗan mutunci ne, zai faɗa da bakinsa. Wata uku ina sauraron takunka."