Layar da ke Cikin Akwatin Muntaka

Ranar kasuwar Matameye ce, tsakiyar kakar gyaɗa, zamanin da Faransa ke riƙe da ƙasa, Muntaka ya fara ganin Baiwa. Yana zaune ƙofar shagonsa na gyaran rediyo, ya jona gitarsa da wani akwati da ya samo wajen wani tsohon soja a Damagaram. Ampili ake ce masa, mai ƙara sauti, da batirin kamiyo, wato babbar mota, yake aiki, cikinsa da kwalabe da ke yin ja in sun ɗau zafi. Ta zo wucewa da tiren ƙuli-ƙuli, sai ta ja ta tsaya.

"Bawan Allah, wa ka kulle a akwatin nan yake kuka haka?"

"Zuciyata ce," in ji shi. "Yau ta ga abin da take nema."

Ta ja gyale ta rufe baki, ta yi gaba tana waiwaye. Tun daga ranar ta raɗa masa suna Mai Akwati, shi kuma ba ya kiranta sai da Fitila.

Mahaifinta, Malam Sallau, malami ne kuma mai sayen gyaɗa. Da manyan Muntaka suka je masa, bai ce i ba, bai ce a'a ba, don ransa ya fi kwanta da Shekara, mai yi masa awo. Ya ce dai zai duba.

Ana cikin dubawar nan akwati ya tsiro da hali. Muntaka na cikin kiɗa da la'asar, jama'a sun taru, sai ƙara ta yi ƙarar-ƙarar ta ɗauke ɗif. Kafin ya miƙe ta dawo, ya zauna ta sake ɗaukewa. Shekara kuwa, da yake bakinsa ba ya gajiya, ya bi rumfa-rumfa yana cewa iska ce a ciki, Muntaka ya saɓa mata alkawari shi ya sa take yaji.

Magana ta kai kunnen Malam, ya aiko da saƙo mai kauri: "Mai zama da iskoki ba zai auri 'yata ba. Ko ya nuna mini abin da ke cikin akwatin nan ƙuru-ƙuru, ko in ba Shekara ita."

Muntaka ya rufe shago ya duƙufa. Ya canja wayar gitar, abin bai daina ba. Ya zare kwalaben ɗaya bayan ɗaya, ya goge ƙafafunsu, ya mayar. Ya ɗaure kan batir tamau. Abin haushi, in ya kifa akwatin a kan tebur sai ya yi ta waƙa kamar bai taɓa laifi ba, da ya tsayar da shi sai ya koma halinsa.

Nan zargi ya shige shi. Lalacewa ta Allah da Annabi ba ta zaɓen kwance da tsaye, wannan da hannun mutum a ciki. Da ya cusa hanci cikin akwatin kuma, sai ya ji ƙamshin humrar da ya sani sarai. Tela maƙwabcinsa ya ƙara masa da cewa ai ya ga Baiwa ta shiga shagon wata Juma'a, sa'ad da Muntaka ya tafi masallaci. Ashe da ita aka haɗa baki?

Ya daina bi ta ƙofar gidansu. Sai ga Salamatu, ƙawarta, da saƙo: "Ta ce a gaya wa Mai Akwati, Fitila ta kusa mutuwa don ba mai zuba mata mai. In laifi ta yi, a faɗa mata."

"Ki ce mata ta tambayi Shekara," ya amsa, ransa na suya.

Washegari ya tsayar da akwatin a kunne, ya ɗauko busasshen kara yana ƙwanƙwasa ko'ina a hankali. Da ya bugi saman katakon, ƙara ta ɗauke. Ya zura madubi ya leƙa. Can sama, a lungun da ido ba ya kaiwa, ga wata 'yar laya mai rufin azurfa tana lilo a jikin zare. Duk sa'ad da akwatin ya girgiza sai ta taɓa ƙafar kwalba, in an kifa shi kuma ta kwanta gefe abinta.

Sammu! Bai ko cire ta ba, ya saɓi akwati sai zauren Malam, inda ya tarar da Shekara zaune.

"Allah gafarta Malam, ga iskar nan. Sai dai a tambayi wanda ya sa aka saka mini ita."

Shekara ya hau rantse-rantse. Malam bai kula shi ba. Ya tsinke zaren, ya juya layar a tafin hannunsa. Sannan ya sa aka kira Baiwa.

"Ina layar wuyanki?"

Ta durƙusa, hawaye suka zubo. "Baba, na ji Shekara ya ce sai akwatin nan ya kunyata Muntaka a gaban jama'a. Ba ni da abin tsari sai ita, shi ne na rataya a ciki. Da abin ya fara na ɗauka mugun bakin ne ya fi ƙarfinta, ban san ita ce ba."

Muntaka ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Yarinya ta cire tsarinta ta ba shi, shi kuwa yana can yana auna ta da mudun munafukai.

"Fitila, ki yafe mini," ya ce. "Na zarge ki."

"Na sani," in ji ta. "Shi ya fi min ciwo."

Malam ya nisa. "Da hannuna na rubuta wannan layar ranar sunanta. Ko da zazzaɓi ya kusa kai ta lahira, ba ta yarda an cire mata ba. Tunda ta kai ta inda ta kai ta, ni wane ne zan dawo da ita? Muntaka, turo manyanka."

Shekara ya zari takalmansa, ko sallama babu.

Bayan an gama kakar gyaɗa aka ɗaura aure. 'Yan'uwa suka zo daga Tsauni da Ɗan Barto, aka yi ta sa albarka, Allah ya ba da zaman lafiya da zuriya ɗayyiba. Ranar wuni ango ya kaɗa gitar tun daga la'asar har kiran magariba, akwati bai ko yi tari ba. Da ya tashi mayar wa amarya layarta, sai ta riƙe hannunsa.

"Ɗaura ta a marfin akwatin, Mai Akwati, ta waje wannan karon. Ni yanzu kai ne tsarina."