Matar Levi ta Cikin Littafi

"Akwai wanda ya san wani dalili da zai hana wannan aure?"

Fasto ya faɗa ne kamar yadda ya saba, idonsa na kan takardar sanarwa, har ya fara ninke ta.

Sai Eva ta miƙe daga layin mawaƙa.

"Ni na sani!"

Ban juya ba da farko. Na ɗauka wani auren ake nufi, ba nawa da Levi ba.

Ta ɗaga wani littafi mai jan bango. Na san shi. Levi ne ya rubuta shi, aka buga a Yola.

"Levi yana da mata a Sahuda," in ji ta. "Sunanta Rachael, har da jariri. Ba ni na faɗa ba, shi ya rubuta da hannunsa."

Ta buɗe ta karanta da muryar nan tata ta waƙa.

"Ni Levi, na bar matata Rachael a Sahuda da goyo, na zo Mubi ina yawo kamar saurayi..."

"Yesu!" in ji wata a cikin zumuntar mata.

Coci ya kaure. Levi ya miƙe yana dariya, yana ɗaga hannu, yana cewa labari ne, labari ne kawai. Babu wanda ya taya shi dariyar.

Ni dai ina zaune. Takalmina nake kallo.

Sunana Dibora. A aji biyar na firamare na tsaya, ni ke riƙe da injin niƙan babana a unguwarmu. Abin da nake rubutawa daga kaina yake fitowa, inda na manta na manta.

Levi malamin sakandare ne. Ranar da ya fara zuwa wurin injin babu ko kwano a hannunsa. Ya zauna a benci cikin mata.

"Malam, ina niƙan naka?"

"Ba niƙa na kawo ba. Sata na zo."

"Sata?"

"Satar hira. Mutanen cikin labaraina suna magana kamar masu karanta labarai a rediyo. Ina so in ji yadda mutane na gaske suke faɗa a kan layi."

"To ka zo wurin da ya dace. Matsa, kana zaune a kan buhun mutane."

Tun daga nan kullum in an tashi makaranta sai ya zo. In injin ya yi shiru ya karanta mini abin da ya rubuta. Wani na gane, wani ban gane ba. A littafinsa mutumin cikin labari yakan tsaya ya yi rigima da wanda ke rubuta shi, ya ce ba zai bi hanyar da aka sa shi ba. Ƙarshen ma ba ɗaya ba ne, wai mai karatu ya ɗauki wanda ya yi masa.

"Me ya sa ka sa masa sunanka?" na tambaye shi.

"Haka marubutan yanzu suke yi, Debo na. Ka shiga cikin labarinka da sunanka, mai karatu ya rasa inda ka tsaya da inda ƙirƙira ta fara. Daɗin ke nan."

"In mutane sun ɗauka kai ne fa?"

"Wa zai ɗauka?"

Ya goge mini garin da ke goshina da ɗan yatsansa.

"Ke kaɗai ce ban ƙirƙira ba. Da na iya rubuta irinki, da na daina koyarwa."

"Tafi can! Baki kamar zuma."

Eva kuwa a shagonta na kwamfuta aka fara buga rubutun littafin nan tun daga shafin farko, kafin a kai shi Yola. Ta san babu wata Rachael. Tare da Levi suka yi dariya a kan shafin. Abin da Levi bai lura ba shi ne, ba littafin take kallo ba duk lokacin nan.

Bayan sujada Baba ya kira Levi gida. Babana Ezekiya dattijon ikilisiya ne. Duk rayuwarsa abin da ake karantawa a coci kaɗai ya taɓa karantawa. A wurinsa abin da aka buga a takarda shaida ne.

Ina bayan labule ina ji.

"Kai ka rubuta wannan?"

"Ni ne, Baba."

"Wannan sunan wa?"

"Nawa ne, amma ba ni..."

"Sahuda gari ne na gaske ko ba gari ba ne?"

"Gari ne, Baba. Na taɓa koyarwa a can, shi ya sa."

"To. Ko kana da mata, ko kai maƙaryaci ne. Wanne zan ba 'yata?"

"Baba, ko a wa'azi ana ba da misali."

"Mai ba da misali ba ya sa sunansa da na garin da ya zauna."

 

Baba ya ce hanya ɗaya ce. Faston Sahuda ya zo da ƙafarsa ya tsaya gaban dattawa ya ce babu wannan mata. In Lahadi mai zuwa ta wuce bai zo ba, a soke sanarwa, kuma kada Levi ya ƙara taka inda injin yake.

"Bari in kira shi yanzu, Baba, ga lambarsa..."

"Ba a shaida a waya. Ka je ka roƙe shi kamar mutum."

A gidan su Levi ma ba a yi shiru ba. Yayarsa Susana ta ce dama ta gaya masa ya nemi mai ilimi, ga abin da auren gidan da ba a karatu yake jawowa.

Washegari na rufe injin na tafi shagon Eva.

"Kin san babu ta."

Ba ta ɗago daga kwamfutar ba.

"Ni abin da aka rubuta na karanta, 'yar'uwa. Ke kin iya karantawa?"

"Na iya."

"To ki je ki karanta. Me za ki ba shi ma? Gari?"

Na tsaya ina kallon farcenta. Ja ne, mai kyau. Na koma na tada injin.

Ranar Juma'a da safe Levi ya zo a kan mashin ɗin aro. Watan Agusta ne, sama ta yi baƙi ta wajen duwatsu.

"Ka bari ruwa ya wuce."

"In na jira ruwa, Lahadi ba za ta jira ni ba."

"To ka cire sunan naka daga littafin mana, a huta."

"An riga an buga, masoyiyata. Amma na yi alkawari, na gaba zan sa wa mutumin sunan babanki."

"Levi!"

Ya yi dariya ya tada mashin.

Da la'asar ya kira ni. Sai da na kashe injin na ji shi.

"Debo na! Fasto ya yi dariya har da hawaye! Ya ce Rachael sun cika cocinsa, kowace da mijinta, babu tawa. Zai zo da kansa."

"Na gode wa Allah. Ka kwana can, ana ruwa."

"Ina! So nake in ga fuskar Baba yau ɗin nan."

"Levi, ka kwana..."

"Ki ajiye mini kunu."

Akwai wani mayo a hanya, wato rafi, da rani yara suna ƙwallo a cikinsa. Ranar ya cika. Mutanen da ke bakinsa sun ce masa ya jira ya sauka. Ya ce sauri yake, ya tura mashin ya shiga.

Sai washegari aka same shi, can ƙasa, a cikin gonar rake.

Ina cikin niƙa aka zo aka gaya mini. Masarar wata mata ce, rabi ya shiga. Na ƙarasa mata. Na kakkaɓe kwanon, na ɗora mata a kai, na ce ta gaida gida.

Mata suna ta kuka suna riƙe ni. Ni ina tunanin ko na rufe tankin mai.

 Baba ya daina cin abinci a tsakar gida. Ina kai masa ɗaki, ina ɗauko kwanon yadda na kai.

Ranar jana'iza na zauna can baya cikin 'yan mata. Bencin gaba na iyali ne, ni kuwa ba a ɗaura ba. Daga inda nake kan akwatin kawai nake hange. Layin mawaƙa babu Eva.

Faston Sahuda ya zo. Da aka ba shi dama ya ce shi alkawari ya zo cikawa. Ya juya wajen dattawa ya ce Levi ba shi da mata a Sahuda, bai taɓa yi ba, ko budurwa bai yi a can ba. Ya zauna.

 Wani jariri yana ta tari.

Sai Susana ta hau karanta tarihin marigayi. Inda aka haife shi, makarantun da ya yi, littafin da ya rubuta. 

"Ya rasu bai yi aure ba. Ya bar mahaifiyarsa Miriyamu, da 'yan'uwa..."

"A gyara."

Muryar Baba ce. Ya miƙe daga cikin dattawa, hularsa a hannu.

"Ya bar mata."

 Susana ta dubi takardar, ta dubi Fasto.

"Wace, Baba?"

"Dibora."

Fasto ya matso kusa da shi, ya yi ƙasa da murya, amma lasifika a kunne take, kowa ya ji.

"Dattijo, ai ba a ɗaura ba..."

"Na sani."

"To yaya za a..."

"Na ce na sani. A rubuta haka."

Susana ta daɗe a tsaye. Wani ya miƙa mata biro. Ta ɗora takardar a kan bagade ta rubuta, sannan ta sake karantawa daga farkon layin, da sunana a ciki.

'Yan matan da ke kusa da ni suka fara taɓa ni. Na tashi don an ce in tashi. Hanyar ta yi mini tsawo. Na wuce Baba, bai dube ni ba, hularsa yake murzawa.

Mama Miriyamu ta ja zaninta ta matsa gefe. Wurin da ta bar mini shi ne na ƙarshen benci, dab da akwatin.

"Zo, 'yata," in ji ta. "Zauna kusa da mijinki."