Ruwan Zafi a Gindin Tsamiya

Ku matso kusa. Ladidi, rage fitilar nan, tana kashe min ido. Kai kuma Mati, in ka san fitsarin kwance za ka yi mana, tashi tun yanzu ka tafi wajen Inna.

Wannan ba tatsuniya ba ce, kada wanda ya ce min ta zo mu ji ta. Ina cikin motar abin ya faru.

Kun san abokina Tukur na Tudun Wada. Mu huɗu ne ciwo ɗaya ya kama, ciwon tsofaffin motoci. Mutane na sayen sabuwa, mu muna bin gareji muna tono gawa. Ilu yana da Marsandi mai dogon hanci. Gambo yana da Boswaja, in ta taso sai ka rantse injin markaɗe ne. Tukur kuwa ya gaji wata baƙar mota ta zamanin Turawa a wajen mahaifinsa. Gwaggo muke ce mata, don sai an lallashe ta take tashi. Ni, Yayanku Sallau, ko taya ba ni da ita. Bakina ne jarina, shi ya sa kujerar gaba kullum tawa ce.

Wata bazara Gambo ya kawo shawara mu zagaye Arewa. Mu tashi daga nan Zariya, mu bi ta Kano da Haɗeja da Nguru har Yarwa, mu dawo ta Yola da Bauci. Kuma tsofaffin hanyoyi za mu bi, waɗanda aka yi watsi da su tun da aka shimfiɗa sabuwar kwalta.

Tukur ya yi ta jan ƙafa, kuma mun san dalili. Shi da matarsa Atine sun daɗe ba haihuwa. Sai da suka fid da rai Allah ya ba su 'ya, suka sa mata Kyauta. Lokacin ta fara rarrafe. Mutumin nan ko masallaci zai je sai ya leƙa ta. Muka yi ta yi masa tsiya har kunya ta sa ya ɗauko makulli.

Farkon tafiya daɗi kamar me. Duk garin da muka shiga sai an yi cincirindo. A Kano wani mai shayi ya tambaye mu ko gidan tarihi za mu kai su. A Haɗeja muka ci kifi har Gambo ya kwance maɗaurin wando. Mun tura mota, mun yi faci, mun yi dariya har ciki ya ƙulle.

Bayan Haɗeja muka sauka daga kwalta muka hau wata tsohuwar burji. Ba gari, ba rugga. Rana ta take tsaka, ƙasa kamar tanda.

Nan Gwaggo ta fara huci. Allurar zafi ta haye ja, tururi na fita ta hancinta. Can muka hango wata tsamiya, ita kaɗai a fili, babba, inuwarta baƙi ƙirin. Muka shige ƙarƙashinta.

Gambo ya fito yana dariya. "Ni tawa ba ta shan ruwa, ba ta zufa. Ku dai ku yi ta jinya."

Tukur ya ji haushi. Ni na zagaya baya ɗauko jarka. Shi kuwa bai jira injin ya huce ba. Ya durƙusa, ya zura hannu ƙarƙashin lagireto, wato tukunyar ruwan mota, ya murɗe ɗan famfon da ke gindinta. Tafasasshen ruwa ya tsiyayo, ya bi ƙasa, ya gangara cikin wani rami tsakanin saiwoyin tsamiyar.

Sai muka ji ƙara. Siririya. Kamar an taka wutsiyar ɗan kyanwa.

Sau ɗaya. Ta yanke.

Kurciyoyin da ke kuka a sama suka yi tsit.

Ilu ya ce, "Tukur, ka yi bismilla kuwa?"

"Bismillar me? Ruwan mota ne fa."

"Ruwan zafi ne. A gindin tsamiya. Da rana tsaka."

Kun ga yadda Inna take yi in za ta zubar da ruwan zafi a tsakar gida? Sai ta yi bismilla, ta ce a gafara, a kau da yara. To ba da kaji take ba. Akwai waɗanda muke zaune da su a ƙasa ɗaya, suna ganinmu, ba ma ganinsu, kuma su ma suna da 'ya'ya. Tukur ya san wannan sarai. A gidansa ba zai taɓa yi ba. Amma a ganinsa wancan zancen madafa ne, wannan kuwa aikin kanikanci.

Muka zuba sabon ruwa, muka tashi. Ilu da Gambo suka yi gaba, mu muna baya muna lallaɓa Gwaggo.

Ba mu yi nisa ba muka gan ta.

Mace ce tsaye a bakin hanya, da goyo, ta lulluɓe shi da zane har kai. Ba ta ɗaga hannu ba. Tsayuwa kawai ta yi. Tukur mutum ne mai tausayin goyo tun da ya samu nasa. Ya taka birki.

Na leƙa na ce, "Sannu baiwar Allah. Ina zuwa?"

"Gaba."

"Ina ne gaba?"

"Inda za ku."

Na miƙa hannu na buɗe mata ƙofar baya. Tana tahowa na kalli ƙasa. Rairayin nan ko da takalmi sai ka yi rawa a kansa. Ita ba takalmi. Tana tafiya a hankali, kuma inda ta ɗaga ƙafa ba sawu.

Na ce a raina ko rana ce ta taɓa min ido.

Ta shiga ta zauna. Gwaggo fa ko kaza ce ta hau sai ta yi ƙara ta lotsa. Ko motsi ba ta yi ba.

Muka ci gaba. Wani wari ya cika motar, irin na babbakar kan rago. Goyon yana wani ɗan nishi ƙasa-ƙasa.

Tukur ya ce, "Yaron ba lafiya ne?"

"Ya ƙone."

Na waiwaya. A nan na gane abin da ke damuna game da muryarta. Maganar tana riga bakin. Sai ka gama jin kalmar, sannan leɓenta ya motsa.

Tukur bai lura ba, idonsa na kan hanya. Ya ce, "Subhanallahi. Wuta?"

"Ruwa."

Sai ta ci gaba.

"Barci yake a ƙofar gida. Wani ya zo ya zuba masa. Ba sallama, ba gafara."

Tukur ya ɗago ya kalle ta ta madubi. Ni kuwa na kama Ayatul Kursiyyu, harshena na harɗewa.

Ta ce, "Karanta, malam. Mu ma muna karantawa. Ba zalunci na zo yi ba. Ni aka zalunta."

Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. Da ta yi ihu ko ta rikiɗe, da ya fi min sauƙi. Amma a natse take magana, kamar mai ba da labarin kasuwa.

Ta ce, "Atine ta ɗora ruwan wanka."

Tukur ya ce, "Wa ya gaya miki sunan matata?"

"Tukunyar babba ce. Dutse ɗaya na murhun ya karkace. Ta shiga ɗaki neman zane."

"Baiwar Allah..."

"Kyauta ta farka. Tana son ƙarar tafasa. Ga ta nan ta sauko daga tabarma."

Tukur ya taka birki har goshina ya bugi gilashi. Ya juya, hawaye shaɓe-shaɓe a fuskarsa.

"Don girman Allah. Ban sani ba. Wallahi ban san yana wurin ba."

"Shi ma bai san kana zuwa ba."

"Me kike so? Ki ɗauki motar. Ki ɗauki duk abin da na mallaka."

"Fata ta ƙone. Fata za ta biya."

"Wace fata?"

"Ta gidanka." Ta ɗan karkata kai kamar mai sauraron wani abu daga nesa. "Ta wuce turmi. Ta kusa."

Sai na ji Tukur ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Ni ma ɗan gidan ne."

A karon farko ta ɗago ta dube shi. Ta daɗe tana dubansa.

Ta ce, "Ruwanka ya tafasa."

Na kalli allura. Ta koma ja. Ruwan da muka zuba ɗazu-ɗazu.

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar mota ya san doka ɗaya: ba a buɗe murfin lagireto tana tafasa. Tukur ne ma ya koya min. Ya buɗe ƙofa ya fita. Ya tuɓe riga ya yar. Ya ɗaga hancin motar.

Na ce, "Tukur, kada ka yi!"

Ya ce, "Zauna, Sallau."

Ta ƙasan hancin motar da ya ɗaga ina hango cikinsa da hannayensa. Na ji ya yi bismilla. Sannan ya rungumi bakin lagireton da ƙirjinsa, ya murɗe murfin.

Ba zan kwatanta muku ihun ba. Uwani, cire hannunki daga kunne, ai ya wuce.

Na fita a guje na janye shi. Fatar hannayensa ta saɓule, ƙirjinsa ya yi fari fat. Yana kwance a ƙasa, ba ciwon yake kira ba. Cewa yake, "Ta isa? Tambaye ta, ta isa?"

Na leƙa bayan mota. Ba kowa. Ƙofa a rufe, gilashi a rufe. A inda ta zauna sai wani ɗan ƙoƙo, cike da wani abu kore mai sanyi kamar an ciro shi daga rijiya.

Ilu da Gambo suka juyo da suka ga ba mu biyo ba. Na ce ina matar, ba ku gan ta a hanya ba? Gambo ya ce wace mata? Ya ce ta madubi ya hango mun tsaya, na buɗe ƙofar baya, na jira, na rufe. Ya ɗauka iska nake ba wa motar.

Na kwashe labari na ba su. Ilu ya shinshina ƙoƙon ya ce, "Wanda ya karɓi diyya ba ya ba da guba." Muka shafa wa Tukur. Nan take numfashinsa ya daidaita. Muka kwantar da shi a bayan Marsandi, muka bar Gwaggo a wurin da hancinta a ɗage.

A lokacin waya ba ta kamawa a daji. Sai da muka shiga Nguru, ana kiran la'asar, ta kama. Tukur ya ce kafin asibiti a kira masa gida. Ni na riƙe masa wayar a kunne, don ba hannun riƙewa. Saboda haka na ji komai.

Atine na ɗauka ta fashe da kuka.

"Malam, tukunya ta kife a kan Kyauta."

Tukur ya rufe ido.

"Wallahi tafasa yake, da idona na gani kafin in shiga ɗaki. Na fito na tarar ta jawo ta, ruwan duk ya sheƙe mata. Na sure ta ina ihu. Malam, ruwan sanyi ƙalau, kamar na randa. Ko ja jikinta bai yi ba. Dariya take yi, tana tafa ruwan da hannu."

Tukur sai alhamdulillahi yake maimaitawa.

Sai Atine ta ce, "Malam, wace mata ka aiko?"

"Mata?"

"Ina cikin duba yarinyar ta yi sallama a bakin zaure. Da zanen goyo a hannunta, a ninke, ba yaro. Ta tsaya tana kallon Kyauta. Na ce ta shigo ta sha ruwa, ta ce a'a. Ta ce in gaya maka an biya, ba sauran komai tsakaninku."

"Shi ke nan abin da ta ce?"

"Ta ce kuma in gaya maka, nata bai yi dariya ba."

Ban taɓa ganin namiji ya yi kuka irin na Tukur a ranar ba. Ba na ciwo ba ne, ba kuma na murna ba. Mu uku muna tsaye a kansa, an rasa mai cewa ya yi haƙuri.

Tafiya ta ƙare a nan. Ƙirjinsa da hannun hagu sun warke sumul, har likitan yana mamaki. Hannun dama kuwa, wanda ya murɗe famfon, ya ƙi. Yatsun sun ƙanƙance, ko cokali ba ya riƙewa da shi. Kyauta ta girma, yanzu har ta shiga sakandare. Ba ta san komai ba, kuma kada in ji a bakin ɗayanku.

Da aka koma ɗauko Gwaggo ba a same ta ba. Ba sawun taya, ba alamar an ja ta. Direbobin da ke yanke ta wannan burji sun ce wani lokaci, in rana ta take, sukan hango baƙar mota a gindin wata tsamiya, tururi na tashi daga hancinta. Ba mai tsayawa.

To ku ji ni da kyau. In Allah ya kai ku wannan hanya, kada ku bi ta ku kaɗai, kada ku bi ta da rana tsaka. In kun ga inuwa mai kyau a inda ba kowa, ku san tana da masu ita. Ku yi sallama kafin ku zauna.