Muryar Ɗan Fari

Gari na wayewa Magaishi ya gangaro a kan tayoyinsa, ya tsaya a gefen gadon Inna Dudu.

"Inna, ina kwana? Ya jiki? Akwai inda ke ciwo?"

Tsohuwar ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya wa bango. "Lafiya lau."

"Za a yi wanka?"

"Na yi."

Fitilar ƙofa ta koma kore, na'urar ta wuce ɗaki na gaba.

Magaishi mutum-mutumi ne na jinya, shi ke gaisuwa da wanka da juya marasa ƙarfi a gidan tsofaffi na birnin Sabon Tsauni. Abin da ya sa ya yi kasuwa shi ne murya: kowane tsoho da muryar ɗansa yake jin sa. Wanda ya ƙera shi, Injiniya Zubairu, a kan mahaifiyarsa ya fara gwadawa. Ya ce tun da aiki ya hana shi zuwa, to ta riƙa jin sa kullum. Niyya dai mai kyau ce, ba a ƙi ba.

Da na'urar ta zo aka sallami ma'aikata, aka bar Hansatu ita kaɗai da hawa guda na benen. An ɗaura mata awarwaron aiki a hannu. Ƙofar da ta yi ja nan za ta, in ta nufi kore ya hau tsuwa. Da can takan zauna a bakin gado, a yi ta hira har tsoho ya kai ga "sai dai kuma". Yanzu ta daina zama, ta daina jin haushin hakan ma. Ƙafafunta ke aikin, ita tana biye.

Ƙofar Inna Dudu ba ta taɓa yin ja ba. Wari ne ya tsayar da Hansatu wata rana da hantsi. Awarwaron ya yi ta tsuwa, ta ƙyale shi ta shiga.

Da ta ɗaga zanen sai ga gyambon kwanciya a kwankwaso, ya ci nama har ya yi baƙi.

"Inna! Tun yaushe? Me ya hana ki faɗa?"

"In faɗa wa wa, 'yar nan?"

"Ga Magaishi kullum yana tambayarki."

"Wancan ai na fari ne." Ko a nan ba ta kama sunansa ba. "Tun da na haife shi ban taɓa ɗaga ido na dube shi a gaban mutane ba. Yau kuma in tuɓe a gabansa, in ce masa ga inda ya ruɓe?"

"Ƙarfe ne fa, Inna."

"Na sani. Amma muryar tasa ce."

Hansatu ta nemi hawaye ta rasa. Ta danna maɓallin kiran likita, ta tsaya riƙe da zanen.

Dafin ya riga ya shiga jini. Inna Dudu ba ta dawo daga asibiti ba.

Bayan sadakar uku Injiniya Zubairu, ɗan farin nata, ya zo da kansa. Manaja ya yi ta rantsuwa cewa na'urar ba ta yi kuskure ba, abin da aka gaya mata ta ɗauka. Gaskiyarsa kuwa. Injiniyan ya ce a kunna masa abin da Magaishi ya naɗa. Ya zauna yana jin kansa yana gaishe ta, tana cewa lafiya lau, safiya bayan safiya.

"A rayuwata ba ta taɓa yi mini magana da yawa haka ba," ya ce.

"Allah ya jiƙan ta, Yallaɓai," in ji Hansatu.

Washegari ba wanda ya tuna ya cire ɗakin daga zagayen na'urar. Magaishi ya gangaro ya tsaya a gefen gadon da aka kwashe wa shimfiɗa.

"Inna, ina kwana? Akwai inda ke ciwo?"

Ya jira. Da bai ji ƙorafi ba, fitilar ta koma kore. Hansatu ta dubi ƙofar, ta dubi awarwaronta, ta wuce.