Noti na Biyar

Yaya Larai ta rage fitila, ta ce wa ƙannenta su matso su ji labari.

Wannan a kan Tanimu ya faru, wani direban a-kori-kura mai ɗauko albasa daga ƙauyukan bakin fadama. Ranar shi kaɗai ya taho. Rana na gab da faɗuwa, ya kai gangaren wani busasshen rafi, sai tayar baya ta yi faci.

Tanimu ba mai ganganci ba ne. Ya sauka daga kan titi, ya ja birkin hannu, ya samo duwatsu ya tokare tayoyin gaba. Ya sassauta notuna tun motar na ƙasa, sannan ya ɗora jak a kan katako ya ɗaga ta. Da ya cire tayar da ta fashe, ya tura ta kwance ƙarƙashin motar, ko da jak zai goce.

A nan ne ya lura tsuntsaye sun yi shiru.

"Sannu da aiki, direba."

Wani dattijo ne tsaye a gabansa, cikin farar riga. Bai yi sallama ba. Bakinsa ya motsa, amma daga bayan kunnen Tanimu muryar ta fito.

"Yawwa, Baba. Daga ina?"

"Nan kusa."

Babu gida a nan kusa. Tanimu ya san hanyar.

Ya sunkuya zai ɗauki notunan da ya zuba a cikin hularsa. Biyar ya cire, huɗu ya gani. Na biyar yana mirginawa a hankali, yana hawan tudu, har ya shige can tsakiyar ƙarƙashin motar ya tsaya.

Dattijon ya ce, "Shiga ka ɗauko."

"Ba na shiga ƙarƙashin mota tana kan jak, Baba."

"Zan riƙe maka ita."

Dattijon ya zagaya ɗaya gefen, ya dafa buhunan albasa. Tanimu ya kwantar da kai ƙasa ya leƙa. Ga noti. Ga hasken yamma ta can gefen. Amma inda ya kamata ya ga ƙafafun dattijon, yashi ne kawai. Duwatsun da ya tokare tayoyi kuwa suna jere a bakin titi, kamar an ajiye su da hannu.

Ya ja baya da sauri. Jak ya goce. Motar ta faɗo da dukan nauyinta a kan tayar da ya shimfiɗa, daidai inda kansa yake ɗazu.

"Direban bara bai yi gardama ba," in ji muryar, can ƙasa-ƙasa.

Tanimu bai ɗaga ido ba. Ya kama karatun Ayatul Kursiyyu. Ya mayar da duwatsu, ya sake ɗaga motar, ya sa safaya, ya ɗaure notuna huɗu. Duk wannan lokaci yana jin numfashi mai sanyi a ƙeyarsa. Ya tayar da mota, bai duba madubi ba har ya shiga gari.

Da safe ya kai ta wajen mai faci, a cika masa noti ɗaya. Mutumin ya duƙa ya ƙirga.

"Malam Tanimu, ai biyar ne."

An sa sifana za a kwance, an ƙara masa bututu, ƙarti uku suka hau. Na biyar ɗin bai motsa ba. Cikin zafin rana kuma sanyi yake kamar ƙanƙara. Tanimu ya sayar da motar a cikin makon, ya koma noma.

Yaya Larai ta dubi kowa ɗaya bayan ɗaya.

"Kada ɗayanku ya bi gangaren nan shi kaɗai da magariba. In kuma wani ya ce zai riƙe maka mota, ka fara duba ƙafarsa."