Amshin Inna

"Ni fa Litinin zan bi motar Safana, Tabita. Ko da ke, ko babu ke."

Daudu ya faɗi haka ne a ƙofar gidansu Tabita yana ɗaure igiyar gangarsa. Bai ko ɗago ba, don ya san in ya kalle ta maganar ba za ta fita ba. Danginsa duk sun koma Funtua tun da 'yan bindiga suka hana noman daji. Shi kaɗai ya rage a ɗan ƙauyen nan na bayan Runka, kuma kowa ya san ba don gero ya rage ba. Iyaye sun shirya maganar aurensu, faston can yana jiran su. Saura Tabita ta ce to.

"Yaya Daudu, Inna fa?"

"Baba na nan, matan zumunta na nan."

"Ai ba ta amsa masu..."

Matsalar ke nan. Tun da ɓarin jikin Inna Tasalla, mahaifiyar Tabita, ya shanye magana ta ɗauke, ko ruwa take so sai dai ta nuna. Amma Ubangiji da ikonsa, in Tabita ta ba da waƙa sai bakin nan ya buɗe, amshi ya fito tar, kalma bayan kalma. An gwada wasu, har da shugabar zumuntar mata mai muryar tada gari, Inna sai ta bi su da ido. Baba Iliya, mijin Inna, kuwa ya rantse ba zai bar gonar ubansa ba, jikin Inna ma ba na wannan hanyar ba ne.

Daudu ya yi lallashi, ya yi fushi, ya dawo ya kira ta sanyin idonsa. Ya ce damina biyu ya jira, mahaifiyarsa ma kuka take yi a can. Tabita ta roƙe shi ya bari sai an tashi sujada gobe. Duk wannan a jikin zana suke yi, Inna na kwance a bayanta. Masoya ke nan, sun ɗauka wanda ba ya magana ba ya ji.

Lahadi ta kama ranar godiyar kaka. Majami'ar da a da ba a samun wurin zama yanzu benci ya fi mutane yawa, amma wanda ya rage ya zo da ƙarfinsa. Mata sun sha anko, ga tulun kiɗa ga caki, maza na shigowa da damman dawa a ka suna taka rawa har gaban bagadi. Aka zaunar da Inna a kujerarta ta gaba.

Tabita ta miƙe ta ba da waƙar da Inna ta fi so, ta yabon Yesu da ya cika rumbu. Daudu ya saki ganga, jama'a suka amsa, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa.

Inna ba ta amsa ba.

Tabita ta sake bayarwa, ta ɗaga murya. Shiru. Ta ɗauka ciwon ne ya ƙaru. Sai da ta matso ta ga Inna ta cije leɓe da ƙarfi, ta kawar da kai wajen taga, hawaye na bin kumatunta. Hannunta mai lafiya ta ɗaga ta nuna Daudu, ta nuna ƙofa, sannan ta ture Tabita.

Nan Tabita ta gane. Da gangan ne. Inna ta ji komai jiya, ta rufe ɗan bakin da ya rage mata don 'yarta ta ga zamanta ba shi da sauran amfani. Wani irin baƙin ciki ya kama ta, ga son Daudu yana cin ta, ga wannan tsohuwa mai taurin kai.

Ta durƙusa ta kama hannun, ta ce, "Inna, ba inda za ni. Ki amsa mani."

Ta kafa baki a kunnenta ta ba da waƙar a hankali. Inna ta girgiza kai. Tabita ta sake. Leɓen ya fara ɓari, ya ɓari, sai amshin ya kufce mata, ya fito da kuka a cikinsa.

Majami'a ta ɗauki Haleluya, masu rawa suka ƙara ƙaimi, su a ganinsu abin murna ne ya faru. Tabita ta ɗago ta dubi Daudu. Ya gani, ba ya bukatar a faɗa masa. Ya sunkuyar da kai ya ƙara wa gangar ƙarfi, hawaye na ɗiga a kan fatar, bai ɓata kiɗan ba ko sau ɗaya.

Da aka tashi ya zo ya durƙusa gaban Inna ya yi mata sallama. Ya juyo ga Tabita ya ce, "Ki yi ta ba ta waƙa, kin ji?"

Ta buɗe baki za ta amsa masa, babu abin da ya fito.